Wai me za mu riƙa kiran terijiyam da Hausa?

Masana harshe da ma'aikatan ido don Allah ku matso mu tsayar da magana ɗaya kan wannan jan naman da ke fitowa a farin ido, galibi ta gefen hanci, yana tafiya a hankali har ya hau baƙin ido. Likitoci pterygium suke rubutawa, a baki kuma terijiyam, asalinta Girkanci ne, wato ɗan fiffike, saboda siffarsa mai kusurwa uku.

Yawancin mutane yana suke ce masa, kuma gaskiya wannan sunan yana cutar da marasa lafiya. Ita yana can cikin ido take, madubin ido ne ke dushewa, in an cire an sa na roba shi kenan. Wannan kuwa a waje yake, a kan tantanin farin ido, kuma yana iya dawowa bayan tiyata. To mutum an ce masa yana ce, an yi aiki, bayan wata huɗu ya duba madubi ya ga jajayen jijiyoyi sun sake miƙowa daga kusurwar ido, me zai ce in ba likita ya ɓata aiki ba? Hakiya ma ba ta dace ba, ita farin tabo ce, a zaune take ba ta tafiya.

Wani ya kawo fiffiken ido, fassara ce mai kyau amma ba wanda zai ji ya gane ciwo ake nufi. Tsiron ido kuma da ka faɗa hankalin mutum ya tafi kan ciwon daji, alhali wannan ba ciwon daji ba ne.

Ni dai yaɗon ido nake gani, in ya dawo kuma a ce ya yi toho. Kowa ya san yaɗo, in ka datse shi ka bar fili zai sake miƙewa, kuma haka aikin yake. Tsohon salo shi ne a kankare naman a bar farin ido tsirara, a nan ne tohon ya fi yawa, a wasu binciken ma fiye da rabin waɗanda aka yi wa. Tun da likitan ido Kenyon da abokan aikinsa suka yaɗa salon dashe a 1985, wato a yanko ɗan lafiyayyen tantani daga saman idon a rufe gurbin da ɗinki ko gam na musamman, dawowar ta ragu sosai. Wasu kan yi amfani da tantanin da ke lulluɓe jariri a mahaifa, wasu su ƙara maganin mitomaisin C, shi kam sai da taka-tsantsan don yana iya cinye farin ido.

Kuma sunan zai sauƙaƙa mana gargaɗi, ka ce wa matashi naka ya fi saurin toho fiye da na dattijo, mai kauri ja-wur ya fi siriri taurin kai, wanda ya taɓa toho ya fi wuyar sha'ani, ka sa tabarau mai tare hasken rana, ka kiyayi ƙura da iska, kar ka yar da maganin ɗigawa don kumburi na tayar da shi, ka riƙa zuwa dubawa tunda yawancin tohon cikin shekarar farko yake fitowa.

Saura pingwekula, ɗan ƙullutun nan mai ruwan ɗorawa da ke tsayawa a farin ido bai hawa baƙi, shi kar a haɗa shi da yaɗo. Wa ke da suna?