Da wane ma'auni za mu gane cewa gari ya fara tsayawa da ƙafafunsa?

Malama Rabi, Argungu:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a ƙauyukan fadama da ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa, kuma an nemi mu zaɓi ma'aunai kaɗan da za su nuna ko juriyar al'umma ta ƙaru. Har yanzu yawan buhunan da muka raba muke rubutawa a rahoto, alhali wannan ƙoƙarinmu yake nunawa, ba ƙarfin mutanen ba. Don Allah, waɗanda suka riga mu a wannan aiki, me kuke aunawa?

Malam Sani, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da abin da gida ke yi idan rumbu ya ƙare. Hukumar WFP, wato hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana tambayar magidanci kwana nawa cikin bakwai da suka wuce aka rage girki, ko aka ranto hatsi, ko manya suka haƙura domin yara su ci. Sai dai ni na fi sa ido a kan sayar da abin nema. Na taɓa zama da wani dattijo da ya kai shanun huɗarsa kasuwa a watan Yuli. A takardarmu gidansa na cin abinci sau uku, amma ya riga ya karya noman baɗi. Haka ma wanda ya dafa irin shukarsa.

Hajiya Maryam, Birnin Kebbi:
Gaskiyar Malam ce, kuma lokacin awon yana da muhimmanci ƙwarai. Idan kika auna da kaka, kowane gida zai yi kyau, don haka ki maimaita tambayoyin tsakanin Yuni da Agusta a gidajen da kika fara da su. Awon damtsen yara ma yana da amfani, domin kaurin damtse ƙasa da milimita 115 alamar tamowa ce mai tsanani, amma alamar tana bayyana ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Ni nakan tambayi mata ko adashinsu bai tsaya ba bayan ambaliya, da kuma ko an fito gayya wajen gyaran ɗakunan da suka rushe.

Malama Rabi:
Na gode, Hajiya. Maganar adashin nan ta taɓa ni, domin a ƙauye biyu namu matan sun ci gaba da zubi ko da suna zaune a makarantar firamare. Zan fara amfani da waɗannan ma'aunai a watan Yuni.