Me ya sa ake raba kansar ƙwan mace ta kiliya sel gida biyu?

Maman_Nabila:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin likitanci ku taimaka. Ina karatun kansar ƙwan mace ne, nau'in nan da ake kira kiliya sel saboda ƙwayoyinsa na fitowa garai-garai a maikuroskof, sai na ga wai yanzu ana ƙara raba shi ta hanyar duba waɗanne jin (ƙwayoyin gado) ne suke aiki a cikin ƙarin. To in duk kamarsu ɗaya meye amfanin rabawar, maganin zai canza ne?

DanLab:
Wa alaikis salam Maman Nabila. Ai kamannin ne ke yaudara, mata biyu za su zo da ƙari iri ɗaya a ido amma ɗaya ta samu sauƙi ɗaya kuma ciwon ya dawo mata da wuri, shi ya sa ake auna RNA, wato saƙon da jin ke fitarwa in yana aiki, a ga jin ɗin da ke aiki da wanda ba ya aiki. A 2019 masu bincike a Singafo sun fitar da gida biyu, EpiCC da MesCC. Na farkon an fi samun shi tun ciwo bai yi nisa ba, na biyun kuma galibi sai ya riga ya bazu, kuma alamun garkuwar jiki sun fi yawa a cikinsa.

Likita_Hauwa:
Haka ne malam, bari in ƙara. Kusan rabin masu wannan kansa suna da matsala a jin ɗin ARID1A, sai PIK3CA yana biye, kuma da yawansu daga endometiriyosis (tsirowar nama irin na cikin mahaifa a wajen mahaifar) abin ya taso. Wani babban bincike na 2022 shi ma gida biyu ya samu, ɓangaren masu matsala a jin ɗin ARID1A da ɓangaren masu matsala a jin ɗin TP53, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'yan ɓangaren TP53 ciwonsu ya fi tsanani amma sun fi amsa kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) mai sinadarin filatinam a zagayen farko, alhali ita wannan kansar an san ta da taurin kai wajen kemo. Wallahi abin yana damuna yadda ake ba masu wannan kansa magungunan kemo kaboplatin da paklitaksel kamar sauran kansar ƙwan mace don babu wani zaɓi mai ƙarfi.

Maman_Nabila:
To Likita kenan yanzu mara lafiya za ta iya cewa a yi mata wannan gwajin?

Likita_Hauwa:
A'a ƙanwata, har yanzu yana matakin bincike ne, abin da ake bi shi ne matakin da ciwon ya kai da kuma tiyata a cire duk abin da ido ya gani. Matsalar ƙarancin samfurin bincike ce, don a Turai da Amurka wannan kansar ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na kansar ƙwan mace ba, a Japan ne take kai wajen kashi 25. Kuma ki riƙe wannan a karatunki, tana yawan sa jini ya daskare a jijiya, in ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa asibiti za a nufa a take.