Fitilar mota ta karye daga ciki: a buɗe a gyara ko a sayi wata?

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman wanda irin wannan ta taɓa samu. Daren Talata ina dawowa daga Ɗan Isa da Corolla tawa na faɗa wani rami, sai da haƙorana suka haɗu. Taya ba ta yi komai ba, amma tun daga nan fitilar hagu ta haukace. Ƙwai bai mutu ba, gilashi bai tsage ba, sai dai hasken rawa yake yi: in na taka birki ya duƙa yana leƙen gaban mota, in na ɗan hau tudu ya tashi yana haska rassan bedi. Duk motar da muka yi gaba da gaba sai ta watso mini far, wato babbar wuta mai haska nesa, suna zaton da gangan nake kashe musu ido.

Da safe na ɗaga kapo na kama gindin ƙwan na girgiza, sai na ji kwanon nan mai ƙyalli yana lilo gaba ɗayansa, wani abu kuma yana ƙaras-ƙaras a ƙasa kamar tsakuwa cikin gwangwani. Mai gyaran da na kai wa ya ce ba a taɓa cikin fitila, wata zan saya. Kuɗin da ya faɗa kuwa ba na wannan watan ba ne. Wa ya taɓa buɗe tasa?

Tsohon Direban Tasawa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, abin da ke ƙara cikin gwangwaninka bai kai ƙwallon magarya girma ba. Kwanon ciki bisa ƙafa uku yake zaune, kamar tukunya bisa duwatsun murhu. Ƙafa ɗaya a kafe take, biyu kuma bis ne, wato sukurori masu juyawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Kan kowane bis akwai ɗan dunƙule da ke shiga cikin wani ɗan kofi na farar roba. Kofin nan shi ke tsufa. Zafin ƙwai ta ciki, zafin inji ta baya, ga ranar Maraɗi da ke haura digiri 40 a watan huɗu, sai robar ta bushe ta zama kamar ƙuli-ƙuli. Ramin Ɗan Isa ƙarasa ta kawai ya yi.

Ni a Hiace abin ya same ni, tsakanin Agye da Gazawa, mota cike da mutane. Munka tsaya, yaron mota ya yanko gutsuren silifas munka cusa ƙarƙashin kwanon ta ƙofar baya. Ya kai mu Damagaram hwa, amma kada kowa ya ɗauka gyara ne, da munka iso robar ta fara narkewa tana wari. Da na dawo gida sai na bi masu tsoffin kayan mota na sayi fasasshiyar fitila irin tawa, wadda gilashinta ya tashi aiki, jika biyu. Ɗan kofin nan kaɗai nake so cikinta. Shekara ta uku ke nan yana aiki.

Mai Wutar Mota, Sabon Gari

Baba ya gama faɗin ciwon. Ni zan ƙara da yadda ake buɗewa, don nan ake ɓarna, kuma shekarun farko na koyon aiki fitila biyu na kashe da hannuna, maigidana bai manta ba har yau.

Da farko a leƙa ta ƙofar baya da tocin waya. Wasu fitilun ana iya mai da kofin ta nan da dogon almakashin kamu, ba sai an raba gilashi ba. In ya zama dole, to gilashin da baƙin akwatin an haɗa su da wani baƙin danƙo mai laushi, wanda zafi ke sassauta shi. Mu nan Allah ya hutar da mu: ina cire duk ƙwayaye da wayoyi, in sa fitilar cikin baƙar leda, in aza ta kan rufin kwano tun daga hantsi har azahar. Sannan in bi gefen da abin busar da gashi irin na masu kitso, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan da turnabis mai faɗi. Daga kusurwa ake farawa, kuma a duba ƙananan bis da ƴan maƙalai da ke ɓoye a gefe kafin a ja. Wanda ya kai ta bakin gawayi ko ya sa mata wutar walda, akwatin zai lanƙwashe, ba zai sake zama daidai ba, damina na zuwa ruwa ya shiga.

Sai dai wasu sababbin motoci danƙonsu tauri gare shi, zafi ba ya narkar da shi. Ka soka masa tsinken ashana ta gefe: in ya lotsa ya biyo tsinken kamar cingam, zai buɗu. In ya yi kamar taya, aikin yanka ne, ni ma ba kullum nake karɓa ba.

Abu na ƙarshe, ko da kuka buɗe, kwanon nan ba a taɓa fuskarsa. Ko da yatsa.

Hajiya Maman Biyu

Wayyo, Malam, ina ma na ji wannan magana bara! Bayan hunturu na ga ƙura ta kwanta cikin fitilar Starlet ɗina, haske ya zama ja-ja kamar na aci-bal-bal. Ɗan yayata ya ce shi zai iya, ya gani a waya. Buɗewa dai ya buɗe lafiya, ban raina masa ba. Sai ya ɗebo ruwan Omo da tsumma ya hau goge kwanon. Ina zaune kan tabarma ina tsintar shinkafa ya miƙo mini tsumman yana dariya, wai Inna dubi dattin da ya fita. Tsumman ya yi toka-toka yana ƙyalli kamar an shafa masa kwalli. Ashe ba datti ba ne, madubin ne kansa ya biyo tsumma. Inda ya goge sai ga robar ƙasa ta fito fili, wata dusasshiya. Daren nan da muka kunna, gara fitilar kabu-kabu. Dole na sayi wata, shi kuma ya yi sati yana zagaye ƙofar gidana.

Mai Wutar Mota, Sabon Gari

Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ƙyallin nan ɗan hucin sanholo ne aka fesa wa robar a masana'anta, bai kai kaurin fatar albasa ba, nesa ma. Ƙura a hure ta da iska kawai. In ta kama dole a wanke, a zuba ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa a jijjiga, a ɗauraye, a kife a inuwa ya bushe da kansa. Masu shafa fentin azurfa ko liƙa takardar sigari suna ɓata lokacinsu ne, zai yi fari a ido amma ba ya jefa haske nesa.

Ɗan Kasuwa Mokoyo

Ni tawa ta sufa gulu ce. Ƙafar kwanon ce ta tsage, na buɗe da kyau, na ɗiga sufa gulu na barbaɗa toka yadda muke yi wa komai, ya kama ƙam. Saurin da nake yi in tafi Jibiya ya sa na rufe nan take. Washegari sai ga cikin gilashi ya yi fari fat ta gefen da na liƙa, kamar hazo ya kwana ciki. Tururin gam ɗin ne ya rasa hanyar fita ya zauna kan gilashi da madubi. Na gilashi ya gogu, na madubi kuwa kun ji abin da ya sami Hajiya, sai na bar shi haka nan. Ko wata biyu ba a yi ba liƙin ma ya saki. Karo na biyu mai gyaran robar babur na kai wa, ya ɗora ƴar waya a kan tsagar ya nutsa ta da ƙarfen soda mai zafi, ya narka wata roba irinta ya rufe. Ya nuna mini haruffan PP a bayan akwatin, ya ce irin wannan roba gam ba ya kama ta da kyau, sai narki.

Na Gidan Runji

Ku yi haƙuri, ni ban ga amfanin wannan wahala ba. Fitilar da robarta ta bushe, yau ka gyara kofi gobe ƙafa ta karye. Ni sayen wata nake yi, kuma in sa mata ƙwai mai wat ɗari. Wanda ke bin hanyar Tibiri zuwa Gidan Runji bayan isha ya san amalanken shanu ba ta da ko ɗan jan ƙyalle a baya, sai kana kanta za ka gan ta. Ƙwai mai 55 ba ya isa ta.

Tsohon Direban Tasawa

Na Gidan Runji, amalanke gaskiyarka ce, ni ma na sha taka birki har fasinja su yi salati. Amma ƙwai mai ɗarin nan shi ya cinye mini fitilar dama. Ƙwan H4 na asali wat 60/55 aka rubuta a gindinsa. Na sa mai 100/90, sati biyu ina jin daɗi ina yabon kaina. Rannan ina cikin tahiya kod, wato ƙaramar wuta ta kusa, ta ɗauke. Na kai hannu ga fish ɗin nan mai baki uku da ke haɗa waya da ƙwan, ya narke ya manne da ƙwan, sai da aka yanke waya. Da munka leƙa, saman kwanon daidai bisa ƙwan ya ƙone ya yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma wajen nan ne ke aiko da hasken kod ƙasa kan hanya. Ka ga na sayi haske na sati biyu da duhun shekara.

Mai Wutar Mota, Sabon Gari

Lissafin a fili yake. A batir mai bolt 12, ƙwai mai wat 55 yana jan amfiya huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, mai 100 yana jan sama da takwas. Waya da fish ba a yi su don wannan ba. Ko ka sa rele da waya mai kauri ka ceci fish, zafin da ke gasa kwanon yana nan. Yawancin masu kukan rashin haske da ke zuwa wurina, ko mas ɗinsu, wato wayar da ke kama jikin mota, ya yi tsatsa, ko gilashi ya yi rawaya da rana, ko saiti ya kauce. Wanda kuma ƙwai ke yawan mutu masa ya auna caji: inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ya haura 15 ƙwayaye za su yi ta tafiya. Kuma a daina kama gilashin ƙwan da hannu, maiƙon yatsa yana sa wurin ya yi zafi ya kumbura.

Malamin Lise

Tunda ana maganar sayen wata, ga abin da ya same ni. Na sayi tsohuwar fitila ta waje, tsaf da ita, ba tsaga ba hazo. Aka ɗaura, aka yi ta juya bis, amma masu zuwa ba su daina watso mini wuta ba. Sai da na tsaya gaban katangar makaranta na lura: hasken kod na fitilar dama yana ɗagawa ta dama, na wadda na sayo kuma yana ɗagawa ta hagu, wato cikin idon mai zuwa. Ashe ta motar ƙasashen da ke bin hannun hagu ce, irin Ingila da Japan. Mu a Nijar dama muke bi, dole gefen da ya ɗaga ya kalli bakin hanya. Fitilun da ke da tambarin Turai, harafin E cikin da'ira, suna faɗin kansu: in akwai kibiya mai kai ɗaya kusa da alamar kod, ta masu bin hagu ce, in babu kibiya, tamu ce, mai kai biyu tana yin duka. Wannan ba a gyara shi da bis, a jikin fitilar aka ƙera shi. Mai shagon ya karɓa ya sake mini wata, amma sai da muka kai ruwa rana.

Ɗan Autan Zariya

Yayyena ku ƙara da marfin baya. Na sa ƙwan LED mai ƴar fanka, marfin ya ƙi rufuwa, na jefa shi cikin but. Hunturu ɗaya ƙura ta cika fitilar, fankar ta cije, ƙwan ya mutu. Sannan masu zenon, mai farin hasken nan, kada wanda ya sa hannu wuta na kunne. Akwatinsa yana harba sama da bolt dubu 20 lokacin tashi. Abokin aikina ya taɓa, ya ce har cikin haƙoransa ya ji.

Baban Nafisa, Ali Ɗan Sofo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda ta kaya. Ranar Asabar na bi shawarar Baba na samo fasasshiyar fitila, jika biyu da rabi bayan dogon ciniki. Danƙon tawa mai laushi ne, ya biyo tsinke. Ta sha rana kan rufin ɗakin girki, na aro abin busar da gashi wurin maƙwabciyarmu, ta buɗu ba gardama. Kofin ya rabe gida uku, guda ɗaya ne ke yawo a ƙasa. Uwargida ta riƙe kwanon ta baya da leda a hannu, ni na danna sabon kofi har ya ce ƙas. Na sake ɗumama tsohon danƙon na matse, ban ƙara silikon ba.

Da magariba na kai ta gaban katangar maƙwabci inda ƙasa ke daidai, na auna mita 10 da igiya. A saman akwatin fitilar an rubuta 1,0%, wato a mita 10 bakin hasken kod ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin ƙwan. Na ja layi da gawayi, Nafisa na zaune a kujerar direba tana kunna mini, ina juya bis har hasken ya kwanta kan layin. Jiya na je Madarunfa na dawo da dare, ba wanda ya watso mini far.

Sai dai da na girgiza ta dama don gwaji, ita ma na ji ta ɗan yi sako-sako. Baba, kofi ɗaya ya rage cikin fasasshiyar, na sama da na ƙasa duk girmansu ɗaya ne?