Rufin cirewa yana yoyo: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar Jeep Wrangler gare ni ƙirar 2014, ta hannu na saya, mai faifan rufi biyu a gaba da ake cirewa. Duk lokacin zafi lafiya lau. Ruwan Nuwamba na sauka sai ga ɗigo a kusurwar gilashin gaba, ɓangaren direba, daidai kan gwiwata, kafet kuma sharkaf. An ce in canja robobin da ke tare ruwa a bakin rufin da ƙofofi gaba ɗaya, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Wanda ya taɓa fama da wannan don Allah ya taimaka.

Bakanike, Sana'iyyar Jidda:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Inda ruwa ke ɗiga sau da yawa ba nan yake shiga ba, yakan bi cikin roba ya yi tafiya kafin ya faɗo. Ka samu yaro ya riƙe tiyo, kai ka zauna ciki da tocila, a rufe ko'ina. Ruwan ya zama a hankali kamar na sama. Ya fara daga ƙasan ƙofa, ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, yana ɗan dakatawa a kowane wuri. In ya fara daga sama, ko'ina zai jiƙe lokaci ɗaya, ba za ka gane komai ba.

Sannan ka duba yadda aka mayar da faifan. Na dama ake fara ɗorawa, na direba ya hau kansa. Wajen cirewa kuma na direba ne farko. Irin taka, wato JK da aka yi daga 2007 zuwa 2018, tana da maɗauri biyu na murɗawa a baya wajen sifika, ban da sakatun tsakiya da na gaba. Motoci da yawa da ake kawo mini, sake zaunar da faifan kawai nake yi, roba ɗaya ban taɓa ba. Wani lokaci bakin robar ne ya naɗe ciki wajen ɗorawa.

Bayan ruwan 24 ga Nuwamba 2022, wanda ya kai milimita 179 cikin awa shida a kudancin Jidda, garejinmu cika ya yi da motoci masu jiƙaƙƙen kafet. Kowa cewa yake rufi ne, alhali da yawansu ta ƙasa ruwan titi ya shige su.

Mazaunin Makka:
Gaskiyar Malam ce, amma ni tawa robar rana ce ta cinye ta. Mota tana tsaye a fili, zafi ya haura digiri 45, wata da watanni babu ruwa, ba wanda ke tuna akwai roba a wurin. Da na cire faifan na danna robar da babban yatsa, ta lotsa ta ƙi dawowa da wuri. Na bi kwarmin da yatsa, sai ga ƙura ta daskare ciki, har da tsakuwoyi ƙanana. Wannan yashin shi ke hana faifai zama daram, ruwa ya samu hanya.

Na wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, na bari ta bushe, na shafa giris ɗin silikon. Don Allah kada wanda ya sa baƙin mai ko Vaseline, duk abin da aka yi da fetur kumbura robar yake yi ya lalata ta. Kuma silikon ɗin ma a shafa kaɗan a goge saura. A ƙasar nan in ka lafta shi da yawa, ƙura ce za ta manne, ka koma gidan jiya. Yanzu kafin sanyi ya shigo nake yi, da kuma duk lokacin da muka dawo daga fita sahara.

Hajiya, Jidda:
Ɗan'uwa, a wane wata kafet ɗin ke jiƙewa? Ni nawa a Agusta ya fara, ɓangaren fasinja, sama ko gajimare babu. Har an fara yi mini lissafin robobi, sai wani dattijon bakanike ya ce in kunna iyakwandishan mu tsaya mu ga ko ruwa zai ɗiga ƙarƙashin motar. Bai ɗiga ba. Ashe bututun da ke fitar da ruwan sanyin ne ya toshe, ga laimar Jidda, sai ruwan ya riƙa komawa ciki. Ya busa masa iska, shi ke nan.

Mai tambaya, Jidda:
Hajiya, nawa sai an yi ruwa ko an kai ta wanki. Amma zan duba wannan ma, na gode.

Bakanike, Sana'iyyar Jidda:
To wankin ma a lura. Injin wanki mai ƙarfi in aka saita shi kan haɗin faifai, ko sabuwar roba sai ya tura ruwa ciki. Ka ce wa yaran su ja baya kaɗan in sun zo sama.

Direba, Abha:
Ku na Jidda sau nawa kuke ganin ruwa a shekara? Mu nan Asir ga ruwa ga hazo, in ka hau dutsen Suda kuwa mota jiƙe take kwana, don haka mun daɗe da wannan karatu. Kusurwar da Alhaji ya faɗa wuri ne da abu uku suka haɗu: robar ƙofa, robar saman gilashi, da ta faifai. Ɗauki takarda, ko takardar kuɗi ma ta isa, ka rufe ƙofa a kanta ka ja. Inda ta riƙe, roba na aiki. Inda ta zame ba wahala, nan ne ƙofar ba ta matsewa. Tawa a saman kusurwa ta zame, domin mai ita na farko yana yawan cire ƙofofi, ta ɗan sauka. Aka daidaita ta, aka canja robar saman gilashi ita kaɗai da yake ta tsage, sauran na nan har yau.

Abin da nake roƙo shi ne kada a bi haɗin faifai da gam. Na ga wanda ya yi, yoyon bai tsaya ba, faifan kuma ya ƙi ciruwa sai da aka yanka robar. In an cire faifai a sa shi cikin jakarsa, kada a jingine shi a ƙasa kan bakin robar.

Kafet ɗin nan kuma kada ka bar shi ciki, Alhaji. Cire shi yau ka shanya, akwai toshe na roba a daben motar, ka zare su ruwan da ya kwanta ya fita. In ya kwana biyu a jiƙe cikin zafinku, warin fumfuna zai kama motar, tsatsa kuma ta fara cin ƙasan.