Neman kalma: me za mu kira "dryland" da Hausa?

1/
Assalamu alaikum. Kalma nake nema, kuma ta hana ni sakat kwana biyu. Ina zaune a Winnipeg ta ƙasar Kanada, ɗana mai shekara 13 kuma ya tsunduma cikin ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wasan da mutanen nan suka riƙa kamar yadda muka riƙi ƙwallon ƙafa, ko ma fiye. Ran Lahadi Hajiyarmu ta kira daga Kano tana cigiyar angon nata. Na ce ya tafi "dryland". Ta ce, "Wace unguwa ce kuma Direlan?" Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tarar babu kalmar a bakina.

2/
Ga abin da ake nufi. Turawan nan suna cewa "dryland" ko "off-ice", wato duk wani atisaye da ɗan wasa zai yi ba a kan ƙanƙara ba: ɗaga ƙarfe, tsalle-tsalle, gudu, keken da ba ya tafiya, juya sanda da ƙwallo a kan siminti. Ni kaina sai da kalmar ta kunyata ni. Ranar farko da koci ya turo saƙo, na kai takalman ƙanƙarar aka wasa musu kaifi, na biya kuɗi, muka kinkimi jakar kaya mai girman buhun gero. Muna isa muka tarar da yara da gajeren wando da kambas a filin ajiye motoci suna tsallen kwaɗo. Yaron ya dube ni, ya dubi jakar, bai ce komai ba. Gara ma da ya yi magana.

3/
Kafin ku kawo shawara, bari in nuna muku nauyin abin, don kada a ba shi ƙaramin suna. Wasan zango 3 ne, kowanne minti 20. Amma babu wanda yake tsayawa a fili har zango ya ƙare in ban da mai tsaron gida. Ɗan wasa zai shiga ya zuba iya ƙarfinsa na kamar daƙiƙa 45, ya tsallake katanga ya zauna yana haki, wani ya maye gurbinsa, bayan 'yan mintuna a sake tura shi. Ƙarfin da ake nema irin na ɗan dambe ne a turmi: ka fashe gaba ɗaya, ka huta kaɗan, ka sake fashewa.

Sannan tafiyar kan ƙanƙara daban take da gudu. Mai gudu baya yake tura ƙasa. Mai takalmin ƙanƙara gefe yake turawa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. Nauyin duk yana kan cinya da kwankwaso da matsematsi, shi ya sa ciwon matsematsi ya zama ruwan dare a wasan. Waɗannan tsokoki kuwa a wajen fili ake gina su, don lokacin ƙanƙara haya ake yi da awa, da tsada, kuma koci ba zai ɓata shi a kan abin da za a iya yi a gareji ba.

4/
Garejin namu ma ya tashi daga ɗakin mota. Akwai wani dogon allo mai santsi da ya shimfiɗa, da katako a kowane ƙarshe. Zai sa safa a kan kambas, ya sunkuya, ya tura ƙafa ya sulale zuwa wancan ƙarshen, ya daki katako, ya turo ya dawo. Shuu, ƙwas. Shuu, ƙwas. Daƙiƙa 30 yana yi, ya tsaya ya dafa gwiwa, gumi na ɗiga daga haɓa a kan allon, ya share da riga don kada ya hana santsi. Bayan nan ya ɗauki sanda da wata 'yar ƙwallon katako yana kaɗa ta hagu da dama, idonsa a kan bango, don a fili duk wanda ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo, kafaɗar wani ce za ta tashe shi. A ƙarshe ya rataye tamfol yana harbi. Ƙofar firjin da ke gefe ta sha lotsawa. Da na yi faɗa, cewa ya yi ai Sidney Crosby, tauraron wasan, ma haka ya lotsa injin busar da kayan gidansu a Nova Scotia. Na ce to, ran da ka zama shi sai ka saya mana wani.

5/
Abin yana da tarihi. Tarayyar Sobiyet ta fara gasar wannan wasa a 1946, kuma a shekarun farko ba su da filayen ƙanƙarar inji, sai sun jira hunturu. Anatoli Tarasov, kocin ƙungiyar soja ta CSKA a Mosko, ya ƙi yarda 'yan wasansa su zauna jiran sanyi. Ya sa su alkafura, da goyon juna suna gudu, da jefe-jefen ƙarfe, da riƙe sanda suna sarrafa ƙwallo a kan ƙasa. A 1954, zuwan 'yan Sobiyet na farko gasar duniya a Stockholm, suka lallasa Kanada 7 da 2 suka ɗauki kofi.

Kanada ta ce ai ba ƙwararrunta ta tura ba. Sai 1972 aka haɗa wasanni 8 tsakanin taurarin Kanada na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, da 'yan Sobiyet. Taurarin sun dawo daga hutun bazara da teɓa, don a al'adarsu sai an buɗe sansani ake neman jiki. Ranar 2 ga Satumba a Montreal, Kanada ta fara cin 2, kowa ya ce an gama. Aka tashi 7 da 3, Sobiyet ke da nasara, 'yan Kanada harshe a waje. Daga baya Kanada ta sha da ƙyar, ta ci 4, an ci ta 3, an yi kunnen doki 1, kuma ƙwallon da Paul Henderson ya raba gardama da ita saura daƙiƙa 34 a tashi wasan ƙarshe ta shiga. Tarasov ba shi ne koci a lokacin ba, amma tarbiyyarsa ce a jikin yaran. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan wasa har gorar bugun ma haka take.

6/
Yau abin ya zama sana'a. Gary Roberts, wani ɗan wasan NHL, ya ajiye wasa a 1996 saboda ciwon wuya, ya gina jikinsa a ɗakin ƙarfe, ya dawo a 1997, ya buga har 2009. Da ya koma horar da matasa, wani matashin ɗan wasa, Steven Stamkos, ya yi bazara ɗaya a hannunsa, ya tashi daga ƙwallo 23 a kakarsa ta farko zuwa 51 a ta biyu. Kuma gwajin da NHL take yi wa matasa a Buffalo kafin a zaɓe su, ba a taka ƙanƙara a cikinsa: tsalle ne, da ɗaga ƙarfe, da wani keke na daƙiƙa 30 da ake ajiye bokiti kusa da shi saboda masu amai.

To wannan abu ne nake nema wa suna.

7/
Na duba yadda wasu suka yi. Faransawan Kebek suna cewa "hors glace", wajen ƙanƙara. Jamusawa da 'yan Finland suka ce busasshen atisaye. Rashawa a bakinsu na yau da kullum sukan ce "ƙasa" kawai, yau muna da ƙasa. Wanda ya fi burge ni na 'yan Suwidin ne, "barmark", wato ƙasar da dusar ƙanƙara ba ta rufe ba. Kowa ya leƙa rumbunsa ya ɗebo.

Nawa yunƙurin: "atisayen wajen ƙanƙara". Daidai ne, amma fassara ce tsirara, kuma "waje" tana da fuska biyu. "Ya tafi wajen ƙanƙara" a kunnen Bahaushe yana nufin ya tafi inda ƙanƙarar take, kishiyar abin da nake son faɗa ke nan. "Busasshen atisaye" kuwa dariya ya ba ni, kamar za a ci shi da yaji. Bismillah, fage naku ne.

8/
Masha Allah, amsoshi sun fi ƙarfina. Bari in bi su da ɗaiɗai.

Ɗan'uwa da ya ce a bar shi "motsa jiki": wannan na Baba ne da likita ya ce ya riƙa zaga unguwa bayan Asuba saboda suga. Yaron da ya yi amai a bokiti ya wuce motsa jiki.

Anti da ta ce "horon ƙasa": Anti, ki yi haƙuri, in na ce wa Hajiya ana yi wa angonta horo, tambayar farko ita ce laifin me ya yi. "Ƙasa" kuma za ta ja hankali zuwa ƙungiyar ƙasa, a ɗauka Kanada ce ta gayyace shi.

Masu cewa "tirenin" kawai: haka muke faɗa a bakin titi, ban musa ba. Amma na kan ƙanƙarar ma tirenin ne, bambancin nake nema.

9/
"Atisayen rani", bisa ƙirar noman rani. Wannan ta daɗe a raina, don tana da daɗin faɗa, kuma hoton ya yi: aikin da ake yi bayan kaka ta wuce don kada a zauna. Matsalarta ɗaya. Ba a bazara kaɗai ake yin abin ba. A tsakiyar Janairu, sanyin Winnipeg yana tsaga leɓe, yaran suna yinsa a barandar filin wasa kafin su sa takalma. In mun ce rani mun ɗaure shi da lokaci, alhali da wuri yake ɗaure. Sai dai ban yar da ita ba: a ajiye ta don dogon shirin da ake yi tsakanin kaka da kaka, irin wanda Stamkos ya yi.

Yayana na Damagaram ya kawo "kilisa". Yaya, ka taɓo wuri mai daɗi. Doki ba ranar hawa ake fara fitar da shi ba, da yamma ake zagawa da shi ya warware ƙafa. Amma kilisa tana da nishaɗi a cikinta, har mutum kan ce ya fita kilisa yana nufin shan iska. A ba ta ɗan sassarfar da suke yi washegarin wasa don jiki ya saki.

10/
Wanda ya ce me ya haɗa Bahaushe da ƙanƙara in ba ta sanyaya zoɓo ba: na ji, na kuma yi dariya. Amma Rumun Ndur da ya buga wa Buffalo Sabres da New York Rangers a NHL, a Zariya aka haife shi a 1975. Ban da haka, masu ninkaya ma "dryland" suke cewa, kuma mu ba baƙin ruwa ba ne.

11/
Yanzu ga wadda ta tsayar da ni. Wani dattijo, malamin makarantar ilimi, ya rubuto a taƙaice: "Ɗana, ƙanƙara ai ruwa ce da ta daskare. Kishiyar ruwa kuwa a Hausa tudu ce. Ba ka ji muna cewa farautar ruwa da farautar tudu a babin harami ba?"

Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Dabbar ruwa da dabbar tudu. Masunci ya ja jirgi ya fito tudu. Wanda ya kuɓuta daga ambaliya ya kai tudun mun tsira. Kalmar tana nan tun kaka da kakanni tana wannan aiki, ni ne na tafi neman ta a ƙamus na Turanci. Kuma ita ce ainihin abin da Bature yake nufi da "dryland" ɗin, ba bushewar ce ta dame shi ba, inda ƙafa ta taka ne.

Atisayen tudu.

12/
Ƙanwata ta yi gardama mai ma'ana: tudu kuma ai hawa ne, wani zai ɗauka gudun hawan tudu ake nufi. Gaskiya ne, ƙanwata, za a samu mai ɗaukar haka a jin farko. Abu biyu suka kwantar min da hankali. Na ɗaya, kalmar ba ita kaɗai za ta riƙa yawo ba, da abokiyarta take tafe: atisayen ƙanƙara da atisayen tudu. Da an jera su, ma'ana ta fito. Na biyu, ko an yi kuskuren, ba a yi nisa ba, don hawan tudu da gudu yana cikin abin da suke yi. A garin nan da yake shimfiɗe kamar faranti, wani tsohon juji da aka rufe da ciyawa ya zama tudu, can masu neman ƙarfin ƙafa suke zuwa.

Na kuma gwada ta a baki, don kalmar da ba ta shiga zance ba ta mutu tun a haihuwa. "Yau tudu gare mu." "Koci ya ce a zo da kayan tudu." "Ya yi sakaci da tudu, shi ya sa ƙafarsa ta mutu a zango na uku." Duk sun zauna. Har ta gajarce da kanta, kamar yadda ta Rashawa ta yi.

13/
Na kira Hajiya ɗazu. Ta ce ina angon. Na ce ya tafi atisayen tudu. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "To, gara tudun. Wannan ƙanƙara da kuke tura min yaro kanta da wuƙa a ƙafa, ni ban taɓa yarda da ita ba." Ba ta nemi ƙarin bayani ba, ta wuce tambayar ko ana ba shi abinci ya ƙoshi.

Saura abin da suke bugawa. Na yi ta cewa "ƙwallo" a sama don dole, amma ba mulmulalle ba ne. Baƙar roba ce mai tauri, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, ana daskarar da ita kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. Yaron yana ce mata "pak". Uwarsa tana ce mata waina. Malam, in kana kusa, a taimaka.