Don Allah me za mu kira "prism" da Hausa?

Malamar lissafi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara wannan darasi da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma da Hausa nake fara yi musu bayani kafin mu buɗe littafi. Bara da na ce "firizim", ajin ya kwashe da dariya, wai gidan fursuna. Na tanadi kwalin ashana, bulo, da fensir mai gefe shida da ba a feƙe ba. Suna kawai ya rage.

Malami daga Zariya: Dala fa?

Malamar: A'a Malam, dala tsukewa take yi har ta yi tsini. Wannan kansa da gindinsa iri ɗaya ne, duk inda ka gitta wuƙa fuska ɗaya za ka gani, kamar sandar sabulu.

Malamin Larabci: Manshuri. Larabawa sun ce manshur, wato abin da aka yanka da zarto, kuma kalmar Girkancin da aka samo "prism" daga gare ta ma ma'anarta ke nan. Ai da murabba'i da da'ira duk can muka samo.

Tsohon hedimasta: Kullum aro! Ni tun ina koyarwa "tagwan-fuska" nake cewa. Tagwan-fuska mai alwatika: fuska 5, gefe 9, kusurwa 6. Yaro na ji ya gane.

Malamin Larabci: Baba, gwangwanin madara ma tagwayen fuska gare shi.

Tsohon hedimasta: Shi ai da'ira ne, ba shi da kusurwa. Ku dai kun raina harshenku ne. Bature ya ƙirƙira ku haddace, Bahaushe ya ƙirƙira ku yi ta neman aibu.

Malami daga Maraɗi: Mu nan "prisme" yara za su rubuta a jarrabawa, ku ma na Turancin za su rubuta. Kada mu wahalar da su da suna uku.

Tsohon hedimasta: Ka ji ko? Jarrabawa, jarrabawa.

Malamar: Baba, a yi haƙuri. Abin da ke damuna shi ne su fahimci dalilin da ya sa ake ninka faɗin fuskar da tsawo don a samu girman cikinsa. In na yanka sabulun gida goma suka ga kowane yanki irin ɗan'uwansa ne, sun gane. Zan rubuta na littafi a allo, a baki in ce tagwan-fuska.

Malamin Larabci: To, amma ni a fassarata manshuri zan sa.

Tsohon hedimasta: A allo ma ya kamata ki rubuta tagwan-fuskar, 'yata. Ko da a ƙasan na Turancin ne.