Makarantar gwamnati ce, ko ta kuɗi ce ta sauya riga?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwar maiɗakina ta samu aiki a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, tana neman gida. Dillali ya nuna mata gidaje biyu kusan iri ɗaya, tsakaninsu bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba, amma farashi sama da ƙasa. Dalili wai mai tsadar yana cikin gundumar makarantun Shaker Heights, wani garin gefen birnin, ɗayan yana cikin ta Cleveland. Ni dai na yanke hukunci: makarantun garuruwan gefen birni a Amurka sunan gwamnati kawai suke ɗauke da shi. Makarantun kuɗi ne, an ɓoye kuɗin makarantar a cikin kuɗin gida. Mai ja ya fito.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ga mai ja ta fito. Baban Sadiq, 'ya'yana uku duk a irin wannan gundumar suka yi karatu a nan Ohio, kuma ɗaki biyu nake haya a saman bene. Ba a taɓa cewa in kawo ko sisi na kuɗin zango ba. Takardar haya da ta wutar lantarki na kai, aka ɗauke su. Motar makaranta tana tsayawa a bakin layinmu. Wace makarantar kuɗi ce za ta yi maka haka?

Baban Sadiq: Anti, shi maigidan da kike haya a wurinsa, harajin gidan daga aljihunsa yake biya? A kuɗin hayarki ya zuba shi. Kina biya, rasit ne kawai ba a ba ki ba.

Malam Hedimasta: Ku dakata mu fara gane yadda abin yake tafiya, don kar mu auna shi da mudun gida. A wurinmu ana cire albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma, SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, tana sama tana juya al'amura. A can gunduma hukuma ce mai cin gashin kanta. A Shaker Heights mutum 5 jama'a ke zaɓa, su ne ke ɗaukar babban jami'in makarantu da ma'aji, su amince da kasafi. Abin da gwamnatin tarayya ke bai wa makarantu a faɗin ƙasar bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje. Kuma Ohio tana da wata doka ta 1976 da ta hana yawancin harajin da aka jefa wa ƙuri'a ƙaruwa idan darajar gidaje ta tashi. Shi ya sa bayan 'yan shekaru sai hukumar ta dawo tana roƙon masu zaɓe su amince da ƙari. Makarantar kuɗi ba ta neman izininka kafin ta ƙara kuɗi.

Anti Nas: Allah ya saka, Malam. Lokacin wannan ƙuri'ar za ka ga alluna a tsakar ciyawar ƙofar gidaje, wannan na cewa a amince, maƙwabcinsa na cewa a'a. Tsohuwar da ke ƙasan benenmu ba ta da ɗa ko jika a makarantar, amma ita ma tana da ƙuri'a.

Lauya Ƙarami: Malam, da girmamawa, abin da ka faɗa gaskiya ne amma bai rushe maganar Baban Sadiq ba. Kotun ƙolin Ohio da kanta ta ce a 1997 tsarin samar wa makarantu kuɗi ya saɓa wa kundin mulkin jihar, a shari'ar DeRolph, saboda dogaro da harajin gida ya yi yawa. Yaron da shari'ar ta ɗauki sunansa ɗan ƙauye ne, farar fata, wanda ya taɓa zama a ƙasa a aji don babu kujera. Sau 4 kotun tana maimaita hukuncin har 2002. Ga kuma na kotun ƙolin tarayya: a 1973 ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce, a 1974 kuma, a shari'ar Detroit, ta hana a tilasta wa garuruwan gefe shiga shirin cakuɗa ɗalibai da birni. Daga ranar iyakar gunduma ta zama katanga.

Ɗan Tasi: Katanga mai maigadi ma kuwa. A 2011 aka hukunta wata mata a Akron ta jihar Ohio da ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta mata biyu su shiga makarantar gefen gari. An ɗauki mai bincike ya bi ta da kyamara, ta kwana 9 a gidan yari. Daga baya ne gwamna ya sassauta laifin. Idan abu na kowa ne, me ya kawo ɗauri?

Anti Nas: Wannan kam ban da ta cewa. Ya taɓa ni lokacin.

Malam Hedimasta: Ni ma ba zan kare shi ba. Amma Baban Sadiq Shaker Heights ya kawo, kuma nan ne maganarsa ta fi rauni. Ku dubi asalin garin. Wasu 'yan'uwa biyu masu harkar filaye, 'yan gidan Van Sweringen, su suka yanka shi a filin da 'yan ɗariƙar Kirista ta Shaker suka bari, ya zama gari a 1912. Sun shimfiɗa masa layin jirgi zuwa tsakiyar Cleveland, suka sa sharuɗɗa a takardun filaye da aka riƙa amfani da su ana hana baƙaƙe da Yahudawa saye. Wato an gina shi ne don ya zama abin da Baban Sadiq yake faɗa. To a 1956 aka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata yake ginawa a unguwar Ludlow. Maimakon farare su kwashe su gudu kamar yadda aka yi a wasu wurare, sai maƙwabta baƙi da fari suka kafa ƙungiya a 1957 don unguwar ta zauna a cakuɗe. A 1970 gundumar ta fara ɗaukar yara a mota daga wannan unguwa zuwa waccan don cakuɗa firamarorinta, ba tare da wata kotu ta tilasta mata ba. Kuma wani yanki na birnin Cleveland, wajen Shaker Square, yana cikin gundumar. Mai sayar da kaya ba ya wannan wahalar.

Lauya Ƙarami: Sun cakuɗa ƙofar shiga, Malam. Cikin ginin fa? Shekara da shekaru ajin haziƙai farare ne suka cika shi, ajin gama-gari baƙaƙe. Katangar ta tashi daga titi ta koma baranda.

Maman Hanif: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Wannan giɓin ne ya sa iyaye baƙaƙe na garin suka gayyato ɗan Najeriya, Farfesa John Ogbu na jami'ar Berkeley, a 1997. Tambayarsu: mu likitoci ne da lauyoyi, mun sayi gidan, me ya sa 'ya'yanmu suke baya? Sakamakon da ya fitar a 2003 ya ɗora kaso mai yawa a kan yaran da ba sa ba da himma da iyayen da ba sa bibiya. An yi masa ca, ana cewa ya wanke makaranta ya shafa wa iyaye. Ni ban yarda da shi duka ba. Amma tambayar iyayen nan ita ce amsar Baban Sadiq: sun biya kuɗin gidan cif, ba su samu kayan ba. To me suka saya?

Baban Sadiq: Maman Hanif, ai a makarantar kuɗi ma ana biya yaro ya faɗi.

Maman Hanif: Ana yi. Sai dai a can ka cire ɗanka ka yi gaba. A nan iyaye sun cika zauren taron hukumar suna ɗaga murya, har a 2020 aka haɗe azuzuwan haziƙai da na gama-gari a yawancin darussan matakin tsakiya. Wasu iyayen kuma, ciki har da baƙaƙe, suka ce an rage wa 'ya'yansu gudu. Har yau ba a gama wannan rigimar ba.

Ɗan Tasi: Duk wannan rigimar ta waɗanda ke ciki ce. Yaron da ke tsallaken titi ko kujerar zauren ba shi da ita.

Malam Hedimasta: Nan kam ka kama ni. Abin da zan iya cewa, ta gwamnati ce ga wanda ya samu shiga.

Baban Sadiq: Alhamdu lillahi, Malam ya matso rabin hanya. Ni ma na janye kalmar "kawai". To ita baiwar Allah da ke neman gida, me zan ce mata?

Anti Nas: Ka ce kar ta yarda da bakin dillali. Ta kira ofishin gundumar ta karanta musu lambar gidan, don adireshin Cleveland na iya faɗawa cikin Shaker. Ta tambayi harajin shekara kafin ta sa hannu, na can yana da nauyi. Ka turo min lambarta ta gefe, ina da hutu ranar Asabar.